"Taura biyu ba ta taunuwa": da wa ake wannan magana?

Maman Sadik, Jekadafari: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya an kai ruwa rana a gidan ƙanwata a Pantami har sai da aka kira ni. Tana sana'ar kayan gara, cincin da dubulan da alkaki. Ta karɓi aikin wata amarya da za a kai ranar Asabar, ga goyo, ga 'yan makaranta biyu. Maigidan ya dawo bayan magariba, tuwo bai sauka ba, kasko ne a wuta cike da dubulan. Bai ɗaga murya ba, ya ce mata, "Taura biyu ba ta taunuwa, ki zaɓi ɗaya." Ita kuma ta ce, "Da zaman banza gara aikin kishiya." Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa su. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne, aure da sana'a taura biyu ne? Ko dai ya ɗauko maganar ne ya ajiye ta inda ba wurinta ba?

Hamma Usman: Adda, gaskiya mutumin nan bai yi laifi ba. Ya wuni a kasuwa, ya dawo da yunwa, ya tarar ana yi wa gidan wasu girki nasa gidan babu. Ko ni ne zan ji zafi. Ba cewa ya yi ta daina nema ba, lokaci yake nuna mata.

Ummu Hanan: "Ki zaɓi ɗaya" fa ya ce, Hamma. A tambaye shi kuɗin makarantar yaran na wannan zangon daga ina ya fito. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gida nawa ne a Gombe albashin namiji kaɗai ke riƙe da shi? Ranar da ake cin ribar dubulan ba a tuna da taura, sai ranar da tuwo ya makara.

Bappa Sale, Bolari: Ni yadda na taso na ji manya na faɗinta, da mai haɗama ake yi. Wanda ya riƙe nasa yana kuma hangen na wani. Mai neman 'yan mata biyu a unguwa ɗaya, ko dillalin da ya karɓi la'ada a hannun mai saye da mai sayarwa a ɓoye. Matar da ke soya dubulan don ta saya wa ɗanta takalmi ba haɗama take yi ba.

Hamma Usman: Bappa, da girmanka, amma ai ana faɗa wa ɗalibin da ke son karatu da kasuwa lokaci guda. Shi ma haɗama ce?

Ɗan Tumfure: In haka ne a kai wa masu girmanmu wannan karin magana. Akwai wanda rana yana jam'iyya ɗaya, dare yana taro da ɗaya, kuma duka biyun suna taunuwa lafiya lau. Haƙoransa ko girgiza ba su yi ba.

Malam Abubakar: Jama'a a bi a hankali. Ciyarwa a wuyan miji take, wannan babu saɓani. Amma neman mace a ɗakinta ba baƙon abu ba ne. Uwar muminai Zainab bint Jahsh tana jimar fata da hannunta, ta yi sadaka da abin da ta samu. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta tambaya ko za ta iya ba mijinta da marayun da ke hannunta sadaka, aka ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka, yana cikin Bukhari. Kuma da aka tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa. Wanda ya tarar da matarsa a gaban kasko, goyo na kuka, babu abin da zai rage masa in ya ɗauki yaron. Ita ma ta nemi yardarsa kafin ta karɓi aikin da zai cinye mata wuni.

Goggon Yara, Kumo: Ku bari in ba ku labarin kakata, Dada muke ce mata, Allah ya jiƙanta. Ita ba ta taɓa taka kasuwa ba, amma duk ranar kasuwar Kumo kayanta na can. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, da rani kuma ta yi kaɗi. Zamanin da jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963, auduga da gyaɗa su ne arzikin ƙasar nan, kowane gida akwai abin yi.

Ina tuna ta kafin asuba. Ta riga ta soya gyaɗa tun dare, an sussuke, an kai niƙa. Sai ta zauna a kujera 'yar tsuguno, turmi tsakanin ƙafafunta, tana juya tunkuza da muciya tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har man ya taso ya kwanta a sama. Ta kwashe da ludayi, ta matse sauran a kan dutse, mu kuma a jera mu muna murza ƙuli, wani zobe wani sanda. Wanda ya murza da kyau shi ke samun na bakin kasko. A wurin murza ƙulin nan na haddace Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, don bakinta ba ya shiru, in ba karatu ba to tatsuniya. In ka yi ƙarya ma a nan ake kama ka, don tana kallon idonka hannunta na aiki.

Da kuɗin man nan ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, ta sayi tumaki ta ba Fulanin daji kiwo. Shekarar da fari ya yi tsanani a 1973, rumbun kakanmu ya ƙare tun kafin damina, tumakin nan aka sayar aka sayi dawa. Har ya rasu in ana hira sai ya ce, "Gidan nan da muciyar Dada ya tsaya."

Amma fa kada a ce ita kaɗai ta yi. Gidan gandu ne. Su uku ne a wurin kakanmu, ranar da ba girkinta ba wuni nata ne. Ga matan 'ya'ya, ga 'yan riƙo, ga jikoki. In yaro ya yi kuka akwai bayan da zai hau. Ƙanwarki fa, Maman Sadik? Ɗaki biyu da falo a gidan haya, ƙofa a rufe, ita ce mai girki, ita ce mai raino, ita ce mai duba aikin makaranta, ita ce mai amsa waya. Aikin da mata biyar ke yi a tsakar gidan Dada shi aka ɗora wa mace ɗaya, sannan a ce ta kasa.

Ummu Hanan: Allah ya jiƙan Dada. Goggo kin gama magana.

Hamma Usman: To ai Goggo ta kawo mafita da kanta. Su uku ne ta ce.

Maman Sadik: Hamma, kada ka soma! Mutumin da tuwon mace ɗaya ke jiran ribar dubulan, shi za ka aika neman ta biyu?

Malama Hauwa, Bauchi: Ni malamar firamare ce, kuma akwai abin da labarin Dada bai faɗa ba. Wa ke kai man kasuwa? Yara mata ne. Har gobe haka ake. Ku zo Wunti ko Muda Lawal da hantsi ku ga 'yan mata da farantin masa da awara a ka, lokacin da ya kamata suna aji. Wadda ta zo makarantar ma barci take yi, don tun asuba take gaban tanda. In akwai mai tauna taura biyu a gidajenmu, yarinyar nan ce, allo da talla. Ita ba a taɓa ce mata ta zaɓi ɗaya ba.

Goggon Yara: Gaskiya ne Malama. Ni ma na yi tallan, kuma yayata ba ta ga aji ba saboda shi. Wannan ban kare shi ba.

Ummu Hanan: Shi ya sa na ce waya rahama ce. Ni turaren wuta da humra nake yi. In ɗora a status na WhatsApp, a turo kuɗi ta banki, mai Keke Napep ya kai. 'Yata ba ta taɓa ɗaukar faranti ba. Sai dai ita ma wayar tana cin lokaci, kana tuƙa tuwo ana tambayar "nawa ne na ƙarshe", a ƙarshe kuma ba a saya ba. Na sa wa kaina doka, daga magariba zuwa yara su kwanta ba na amsa ciniki.

Ɗan Tumfure: Ku yi haƙuri, zaɓe na matsowa. Za a zo da kekunan ɗinki goma a tara mata dubu a rana, a ɗauki hoto, a ce an tallafa wa mata. Sauran a ba su atamfa da taliya.

Bappa Sale: Da wutar lantarki suka gyara, da ya fi keken. Matar ɗana ƙanƙara da zoɓo take sayarwa, rabin ribar a man janareta take tafiya.

Malam Abubakar: Mun bar taura mun koma siyasa.

Bappa Sale: Malam ai duk ɗaya ne. Amma ni har yanzu ina kan bakana, da mai haɗama ake maganar. Ita ma yarinyar da ta ce "aikin kishiya" ba ta kyauta ba, don sana'arta ba aikin kishiya ba ce, nata ne na kanta.

Hamma Usman: Ni kuma ina nan a kan cewa tuwon maigida ba ya jiran dubulan ɗin amarya. Ta dafa da wuri ta zuba a kula, shi ke nan.

Malama Hauwa: Ko shi ya biyo da masa a hanya ranar da ya san tana da aikin biki. Sau nawa ne a wata?

Maman Sadik: Na karanta mata duka. Ta ce a gaya wa Hamma kular ma ita ta saya da kuɗin adashi. Shi kuma maigidan da safen nan shi ya kai yara makaranta, amma bai janye maganarsa ba, ita ma ba ta janye tata ba. Kayan amarya dai an gama, saura alkaki.

Ummu Hanan: Adda, tana karɓar aikin ƙarshen wata? Akwai bikin 'yar yayata a Tudun Wada, ki ce ta yi min magana ta akwatin saƙo.

Ɗan Tumfure: A fara tambayar maigidan tukuna.