Injin fatsa na jifan kifin roba: wanne ya yi muku aiki a Goronyo da Rima?

Ɗan Mabera

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina shirin sayen injin naɗe zare irin wanda ke zama a saman sanda, wanda ƙwarƙwaronsa ke juyawa idan an yi jifa, wato betkasta. Abin da zan riƙa jefawa shi ne kifin roba mai leɓe, wanda ke nutsewa yana karkaɗawa in ana jan sa. Duk bidiyon da na gani na Amurkawa ne masu kamun wani kifinsu da ake kira bas, kowa da abin da yake zugawa: wannan ya ce giya 5.4:1, wancan ya ce 7.1:1. Mu kuwa giwan ruwa da tsage muke hari. Wanda ya taɓa riƙe irin injin nan a ruwanmu ya taimaka ya faɗi yadda ta kaya.

Baban Asma'u

Wa alaikumus salam. Lokacin da nake karatu a Teksas na sha bin wani abokina zuwa tafkin da ake kira Lake Fork, a nan na koyi abin. Lambar nan ba wani sirri ba ce. In an ce 5.4:1, duk zagaye ɗaya da ka yi da hannun injin, ƙwarƙwaro zai juya sau biyar da ɗan ɗoriya, ya naɗo zare wajen santimita 55 zuwa 60. Mai 7.1:1 yana naɗo sama da santimita 70.

Dalilin da ya sa masu jifan kifi mai leɓe ke son giya ta ƙasa shi ne leɓen. Idan faffaɗa ne mai tsawo, yana tokarar ruwa sosai, kai ne kuma za ka yi ta ja tun safe. Da inji mai sauri, kafin azahar wuyan hannunka ya gaya maka. Kamar tirela ce da ta yi lodin albasa ta zo hawan tudu, dole direba ya dawo giya ta ƙasa. Sannan in ka cika sauri kifin robar yakan kwanta gefe guda ya taso sama, rawar da ke jawo kifi ta lalace.

Amma Malam, ka riƙe wannan: duk shawarar da suke bayarwa a kan bas aka gina ta. Bas mafi girma da aka rubuta a tarihi, wanda George Perry ya kama a Jojiya a 1932, kilo 10 ne da ɗan kaɗan, sai a 2009 wani Bajapane ya kamo kwatankwacinsa a tafkin Biwa. Wanda ake kamawa yau da kullum kilo ɗaya ne zuwa biyu. Giwan ruwa kuwa yana iya wuce kilo 100. Injin da ya ishi mai bas ba lalle ya ishe ka ba.

Na Bakin Dam

Baban Asma'u ya gama magana a kan giya, bari in ɗora daga inda ya tsaya. Gidanmu Goronyo, kuma da Ambassadeur 6500 C3 nake aiki, mai zagayen nan na kamfanin Abu Garcia na Suwidin. Giyarsa 5.3:1. Ba shi da kyan gani, yana da nauyi, in hannunka ƙarami ne ba za ka iya dunƙule shi ba yadda ake dunƙule ƙananan injinan nan masu kwanciya a jikin sanda. Amma yana cin zare sama da mita 200, kuma wannan shi ne abin da nake so.

Wata safiya bayan ruwa ya fara washewa, muna kusa da duwatsun jikin dam, ni da wani abokina mai ƙaramin inji irin na ƴan bas. Kusan tare kifi ya ɗauke mu. Nawa bai kai komai ba. Nasa kuwa da ya ja, sandar ta lanƙwashe har bakinta ya taɓa ruwa, zare na fita yana kuka. Kifin ya taso sama, baki a wangame, yana girgiza kai, muka ga farin cikinsa da jan idon nan, ya koma ya nufi zurfi. Abokina na ƙara ɗaure birkin ja, wanda ke riƙe zare in kifi na jan sa, amma ina. Muna kallo ƙwarƙwaro ya rame har muka fara hango ƙarfensa. Mai tuƙa mana jirgi ya yi ta buga filafili don mu bi shi, kafin mu cim masa zaren ya ƙare ya tsinke daga ƙulli. Har yau in an tuna masa sai ya ce a bar maganar.

Ƙananan injinan nan birkin jansu bai cika wuce kilo 5 ba. Masu lamba 300 da 400, irin su Shimano Tranx da Daiwa Lexa, suna kaiwa kusan kilo 10, kuma akwai Tranx mai giya 5.8:1. Ba na cewa ka ɗaure birki har ƙarshe, a'a, zare ne zai tsinke. Amma birkin da ke da rara ba ya zafi da wuri, ba ya fizga.

Malamin Kwalkwalawa

Ni dai ban yarda a ce kowa ya sayi babban inji ba. Na Bakin Dam yana da jirgi da zurfi a ƙofar gidansa. Mu da ke tsayawa a bakin Rima wajen gadar hanyar jami'a, in rani ya yi wani wurin ruwan bai kai ƙirji ba. Kifi mai dogon leɓe me zai yi a nan? Laka kawai zai yi ta tona. Mai gajeren leɓe nake jefawa, shi kuma ba ya tokarar ruwa, don haka 6.3:1 ya fi min daidai. Tsage ma yana son abu mai gudu, kuma in ya ɗauka ya yo kanka da gudu, mai giya ta ƙasa ba zai iya kwashe zaren da ya saki ba, sai kifin ya tofar da ƙugiya.

Abin da ya fi ba ni wahala ba giya ba ce, iska ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu in hunturu ya buso daga arewa maso gabas, ka jefa kifin roba cikin iska, sai ya rage gudu a sama alhali ƙwarƙwaro bai rage ba. Zare ya kumbura ya cukurkuɗe, ka zauna kana tsifa da tsinke abokai na kamu. Kifi mai leɓe ya fi komai jawo wannan don yana wulwulawa a iska. Injina na farko birkinsa na jifa, mai rage gudun ƙwarƙwaro, na cikin ciki ne, ƴan sandunan nan da ke buɗewa in ƙwarƙwaro ya ɗau gudu. Sai ka buɗe murfin gefe kafin ka canja su, ga yashi, ga hannu a jiƙe. Na yanzu Daiwa Tatula ne mai birkin maganaɗisu, da ɗan maɓalli a waje. Iska ta tashi in ƙara, ta kwanta in rage. Ga wanda zai fara koyo, wannan nake ba shawara.

Na Bakin Dam

Malam, gaskiyarka a kan Rima. Amma shi mai tambaya ya ambaci Goronyo da giwan ruwa. In kuɗin inji ɗaya gare shi, gara ya wahala da nauyi da ya yi kukan kifi.

Mai Gyaran Keken Ɗinki

Ni ba gwanin fatsa ba ne, amma yawancin injinan da kuke magana a kai sun kwana a shagona. Ga abin da idona ya gani.

Kada yawan boris ya ruɗe ka. An kawo min wani da aka rubuta boris goma sha wani abu a kwalinsa, na buɗe na tarar rabinsu a hannun juyawa suke, kuma duk sun yi tsatsa bayan damina ɗaya. Ambassadeur ɗin da ake kira C3 boris kaɗan gare shi, amma giyarsa ta tagulla ce, sukurorin gefensa da yatsa ake kwance su, kuma in wani abu ya ci ana samun madadinsa. Tun shekarun 1950 ake ƙera Ambassadeur, shi ya sa kayansa suka yawaita.

Inda ƙurar Sakkwato ke kashe inji shi ne sandar nan mai tsaga-tsaga da ke gaba, wadda ke kai zare dama da hagu. A buɗe take. Mutum ya lafta mata giris, ƙura ta manne, ta koma tana cin ɗan haƙorin da ke bin tsagar. Ranar da ya cinye, zare zai taru a gefe ɗaya. Digo ɗaya na man keken ɗinki ya ishe ta, a goge da tsumma bayan kowace fita. Giris na giyar ciki ne kawai. Boris ɗin ƙwarƙwaro kuma in ka sa masa giris jifanka ya ragu da rabi. Kuma don Allah a daina ɗaure sanda da inji tsirara a bayan babur daga gari har Goronyo. Ko tsohuwar safa ce a sa masa.

Baba Basarke

Ɗiyana, sannunku. Ni da birgi da mamari nis saba, wanga inji naku ban taɓa riƙa shi ba, amma na ga masu shi. Abin da nika son ku sani, ruwa da masu shi. In kunka zo, ku hwara gaida Sarkin Ruwa, ku tambayi inda anka shimhiɗa kalli. Kihin roban ga naku mai ƙugiya baki uku, in yan nutse cikin kalli ba shi hitowa sai da wuƙa, kai ka yi hasara mai kalli shi yi hasara. Kuma giwan ruwa bakin kumatunai kaihi gare shi, shi ka yanke zare, ba ƙarhinai kaɗai ba.

Baban Asma'u

Allah shi ƙara girma, Baba. Maganar kumatun nan ita ce ta sa zaren da ƴan bas ke amfani da shi ba zai yi a nan ba. Su siririn fulorokabon suke sawa mai ɗaukar kilo 5 ko 6, don siririn zare ya fi barin kifin roba ya nutse. Ni da na dawo gida saƙaƙƙen zare nake cika inji da shi, siriri ne amma da ƙarfi, sai in ƙulla masa zaren roba mai kauri kamar tsawon hannu a gaba. In tsage ake nema, waya ce, haƙoransa ba sa barin roba. Saƙaƙƙen zare ba ya miƙewa, don haka a sassauta birkin ja, in ba haka ba ƙugiya ta yage daga bakin kifi.

Ɗan Tudun Wada

Ku yi hattara da sayayya ta intanet. Na yi oda wajen wani mai talla, hoto na Shimano Curado, abin da ya iso sunan ne kawai a jiki, fenti na gogewa da farce. Ga shi hannunsa na hagu ne ni kuma da dama nake naɗi. Irin wannan inji ba a juya masa hannu kamar mai rataye a ƙarƙashin sanda, yadda aka ƙera shi haka zai mutu. Na kira mutumin ya daina ɗauka. Yanzu yara ke wasa da shi.

Ɗan Mabera

Na gode ƙwarai. Wata tambaya: ina da ƙananan kifayen fatsa na kamfanin Rapala da wani ya kawo min tsaraba. Babban inji zai jefa su?

Na Bakin Dam

Ya danganta da nauyinsu. Rapala da yawa da itacen balsa ake yin su, ba su da nauyi. Duk abin da bai kai giram 10 ba, 6500 ba zai tashe shi da kyau ba, don ƙwarƙwaron kansa na da nauyi. Super Shad Rap nake jefawa, santimita 14, giram 45, irin wanda masu neman giwan ruwa a tafkin Nasser na Masar ke ja a bayan jirgi. In naka masu rubutun DT ne, lambar da ke bi ita ce zurfin da yake kaiwa da ƙafa, DT-10 ƙafa 10 ke nan, amma sai jifan ya yi nisa yake kai wannan zurfin. Ka canja musu ƙugiya da zobe, na asali don bas aka yi su, giwan ruwa na miƙar da su.

Malamin Kwalkwalawa

Kowanne ka saya, kada ka fara da ruwa. Ɗaura ɗan dalma mai nauyin kifin robar, ka je filin ƙwallo da yamma. Ɗaure maɓallin gefen hannu, ka saki inji, ka riƙa sassautawa har dalmar ta sauka a hankali, ƙwarƙwaro ya tsaya cak da ta taɓa ƙasa. Birkin jifa kuma ka kai shi sama tukuna, babban yatsa na shafar zare, ka danne kafin dalma ta faɗi. In kana so ka gwada biyun kafin ka fitar da kuɗi, ranar Asabar bayan la'asar zan kawo Tatula, Na Bakin Dam in ya shigo gari ya riƙo nasa.

Na Bakin Dam

Zan shigo in sha Allahu. Mai Gyara, ka tanadar min ɗan haƙorin nan na gaba, nawa ya fara tsallake tsaga.