Insuletan roba a layin 132kV: mu canza ko mu haƙura da gilashi?

Ɗan Layi: Assalamu alaikum manya. Akwai layin 132kV da nake kula da shi, ya ratsa gefen masana'antar siminti. Ƙura na kwanciya a kan faifan gilashin insuleta, wato abin da ke riƙe waya a jikin turke ya hana wuta bi ta turken, da raɓar asuba ta sauka sai wuta ta yi tsalle, layi ya ɗauke. Mun gaji da wanki. Oga ya ce in kawo shawara: mu sa na robar silikon, ko mu shafa wa gilashin RTV, wato silikon da ake shafawa kamar fenti. Waɗanda suka yi aiki da na roba, ta yaya kuke gane lafiyarsu bayan shekaru?

Mai Falwaya: Wa alaikumus salam. Sa na roba kawai. Mu a 33kV mun huta, jifa ba ta fasa su, kuma mutum ɗaya ke hawa da shi a kafaɗa.

Ɗan Layi: Na gode, amma 132 na ce, kuma ba jifa ke damuna ba.

Tsohon Hannu: Ƙanena, tsaya ka ji. Mun taɓa sa na roba a wani layi. Ranar da abin ya faru babu iska, babu hadari, waya ta sauko ƙasa. Da muka je, sandar fayiba ta ciki ta tsinke sumul kamar an sa mata zarto. Daga waje kuwa robar fes. Mako biyu kafin nan ni da kaina na duba turken da tabarau mai hangen nesa na rubuta lafiya lau. Kwana uku muna daji, aka dawo aka ba ni takardar tuhuma. Gilashi in ya mutu tarwatsewa yake, ka hango shi daga mota. Wannan kuwa mugun ɓoye ciwo gare shi.

Injiniya: Baba, sannu. Abin da ka gani sananne ne. Ruwa ne ya shiga ta bakin ƙarfen da aka matse a ƙarshen sandar, tartsatsin korona, wato wutar da ke yoyo cikin iska a jikin ƙarfen, ya haɗu da danshi ya zama asid, asid ɗin ya ci zaren gilashin sandar alhali tana ɗauke da nauyi. Shi ya sa yanzu ake neman sandar ECR, wato ta zaren gilashi mai jure asid. Ɗan Layi, ka nemi shaidar gwajin IEC 61109, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta gwada insuletan roba, ka duba hatimin bakin ƙarfen da idonka, ka kuma tambayi zoben korona, wato zoben ƙarfe da ke rage wannan tartsatsin. Lafiyar robar kuwa, fesa mata ruwa: in ya tsaya ɗigo-ɗigo tana da rai, in ya shimfiɗu ta fara gajiya. Amfanin silikon ke nan, har ƙurar da ta hau kansa yakan koya wa ƙin ruwa.

Tsohon Hannu: Takarda! Namu ma da takardarsu suka zo. Ka taɓa hawa turke, Injiniya?

Injiniya: Na hau, Baba. Amma hawa ba ya nuna abin da ke cikin sanda, sai kyamarar zafi da ta UV mai ganin tartsatsin korona.

Mai Falwaya: Ko ba komai sun fi araha nesa ba kusa ba.

Ma'ajin Kaya: Wace arahar? Na ƙarshe da muka karɓa sun fi jerin gilashi tsada da aka haɗa da zobba.

Mai Falwaya: To an yi muku ciki da kuɗi.

Sarkin Raha: Ku tambayi ɓerayen sito, su suka fi kowa sanin ingancin silikon. Kwali guda suka yi mana walima da shi 😂

Ɗan Layi: Jama'a, batun RTV fa? Kuma ƙurar siminti da take daskarewa, silikon zai iya da ita?

Ma'ajin Kaya: Maganar ɓera ba wasa ba ce. Kuma mu kanmu muke kashe su tun kafin su hau sama. A jefo su daga mota, a ja su a ƙasa, a ɗaura igiya a kan fukafukan robar, wani ma ya taka su kamar tsani. Sanda ta tsage a ciki, ba wanda ya sani.

Tsohon Hannu: Yauwa. Ita kyamarar da Injiniya ke faɗa, muna da guda ɗaya. Tana kulle a ofis, ba a ba masu sintiri, wai kada mu lalata. Amma in waya ta faɗi mu ake kira da tsakar dare.

Mai Falwaya: Ku har kuna da ita? Mu safar hannu muke roƙo tun bara.