Malaman da suka je horo ƙasashen waje, me kuka dawo da shi?

Malamar kimiyya, Makka:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena malamai. Mudirarmu ta ce in dage da gyara Turancina, saboda duk ranar da aka buɗe damar horo a waje tana so ta ga sunana a ciki. Ina da yara ƙanana, maigida kuma yana aiki. Waɗanda suka je ta Khebrat, shirin Saudiyya na tura malamai horo waje, ko makamancinsa, don Allah ku faɗa min gaskiya, tafiyar ta canza koyarwarku, ko takardar shaida kawai aka samo?

Malamin lissafi, Jidda:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Na je Amurka ta Khebrat, shirin da ma'aikatar ilimi ta fara a 2016, lokacin da aka ƙaddamar da manufar 2030, wato shirin Saudiyya na raya ƙasa. Gwamnati ce ta ɗauki nauyi, kuma da iyalina na tafi. Kusan shekara ake yi. Da farko Turanci ne zalla a jami'a, sai darussan dabarun koyarwa, sannan a tura ka makarantar gwamnati a haɗa ka da malamin wurin, ka wuni a ajinsa. A ƙarshe kowa ya rubuta aikin da zai aiwatar in ya koma gida.

A wurina zaman ajin nan shi ne tafiyar. Laccocin jami'a da yawansu za ki iya samunsu a littafi ko a intanet. Amma ki ga malami ya rubuta tambaya ɗaya a allo, ya raba yara huɗu-huɗu, ya yi shiru yana zagayawa suna ta gardama a kan amsa, wanda ya kuskure ma a kira shi ya bayyana yadda ya yi tunani ba tare da an yi masa dariya ba, wannan sai ido ya gani. Can malami ne mai aji, ɗalibai ke zuwa wurinsa, don haka kayan aikinsa na jere a bango kullum. Yau ina yin rabon nan na huɗu-huɗu a ajina, kuma yaran da a da ba sa buɗe baki su ne suka fi surutu a kan lissafi.

Shawarata ɗaya, ki ƙarfafa Turancinki tun a nan. Waɗanda suka zo da rauni sun ƙare watanninsu suna fama da jarrabawar harshe, suka shiga makarantu a gajiye.

Malamar firamare, Madina:
'Yar'uwa, ni Finland aka kai rukuninmu. Ƙasa ce da yaro ke shiga aji ɗaya yana ɗan shekara 7, ana ba shi abincin rana kyauta, kuma bayan darasin minti 45 yawanci a sake su waje minti 15, ko da ƙanƙara na zuba. Malamin firamare sai da digiri na biyu, kuma sun daina tura masu duba makarantu tun farkon shekarun 1990. An yarda da malami, shi ke nan.

Abin da ba a gaya mana ba shi ne wahalar dawowa. Na dawo da zumuɗi, na tarar da aji cike maƙil, manhaja kuma dole a gama ta kan lokaci. Mushrifar da ta zo duba ni ba ta tambayi aikin da na rubuto ba, shafin da muka kai ta tambaya. Wallahi ranar na koma gida raina a jagule. An kashe kuɗi masu yawa a kanmu, ya kamata a ce akwai wanda zai zauna da mu bayan mun sauka ya ji me muka gani, ya ba mu sarari mu gwada. Abin da ya ɗore min shi ne ƙanana: na rage aikin gida, ina ba yara ɗan hutun motsa jiki a tsakiyar darasi, kuma na daina yi musu jan biro a kan kowane kuskure. Ko don waɗannan ban yi nadamar zuwa ba.

Baba Malam, Shara Mansur:
'Ya'yana, ku tuna da mu. A Makka aka haife ni, gashina ya yi fari a makaranta mai zaman kanta, amma igama, takardar zaman baƙo, ce a aljihuna. Khebrat na masu jinsiyya ne, wato 'yan ƙasa. Na bincika na Amurkawa, Fulbright TEA, mai mako 6, sai na ga sharaɗinsa mutum ya kasance yana zaune yana koyarwa a ƙasarsa. Nan ba mu shiga, can ma ba mu shiga. Roƙona, ku da Allah ya ba dama, in kun shirya daura, wato taron bita, ku kira mu mu zauna ko a bayan aji ne. Yaran unguwa ɗaya muke koyarwa.

Malamin Larabci, Jidda:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta taɓa ni. Daga Sudan na zo bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. A Cibiyar Larabci ta Duniya da ke Khartoum na yi horo, wadda ke ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasashen Larabawa. A ajinmu akwai malamai daga Najeriya da Chadi da Indonesiya, kuma a wurinsu na koyi yadda ake koya wa yaron da ba Larabci ake yi a gidansu ba. Duk ranar da kuka sa zaman, ina ciki da abin da na sani.

Malamar kimiyya, Makka:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, zan yi wa mudira maganar ɗakin taro. Yaya na Jidda, saura tambaya ɗaya: yaya karatun yaranku ya kasance a can?

Malamin lissafi, Jidda:
Makarantar unguwa muka sa su, cikin 'yan watanni Turancinsu ya wuce nawa. Larabci ne ya ja baya, musamman rubutun ƙaramar. Ki tafi da littattafan ajinsu na nan, ki ware lokacin karatun Alƙur'ani da imla'i kullum bayan magariba, kuma ki adana duk takardun makarantar can da hatiminsu, za a nema wajen daidaita musu aji in kun dawo.