Kanel ɗin waya ya ƙi kompayil, wai "multiple definition of yylloc"

Sabon_Shiga:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka. Kwana biyu kenan ina fama da kanel (zuciyar manhajar da ke tafiyar da waya) 4.9 na wata tsohuwar wayata ta Android, da a Ubuntu 20.04 nake kompayil ɗinsa (gina shi daga kod) lafiya lau, da na koma 22.04 shi kenan ko minti ɗaya ba ya yi sai ya tsaya a scripts/dtc yana cewa multiple definition of yylloc. Wallahi ko harafi ɗaya ban taɓa ba a cikin kod ɗin. Na canza toolchain (kayan aikin gina kanel na wayar) har sau uku, data ta ƙare a banza.

MaiLinux:
Wa alaikumus salam. Ka bar toolchain ɗin nan ya huta malam, ba laifinsa ba ne. Shi dtc, manhajar da ke fassara bayanin kayan cikin waya ga kanel, a kan kwamfutarka yake aiki, saboda haka gcc (manhajar kompayil) na Ubuntu ne ke gina shi, ba na wayar ba. 20.04 da GCC 9 yake zuwa, 22.04 kuma GCC 11. To tun daga GCC 10 da ya fito a 2020 aka mayar da -fno-common tsarin asali. A da in fayil biyu suka ayyana suna ɗaya sai linka (mai haɗa fayiloli su zama manhaja ɗaya) ya kau da kai ya haɗe su, yanzu ko ba sani ba sabo. A cikin dtc, ɓangaren lexer ya ayyana sunan yylloc, ɓangaren parser ma ya ayyana, ka ga rigima. Nemo layin YYLTYPE yylloc, a dtc-lexer.l ka sa extern a gabansa, wato a wani fayil aka ayyana shi.

Sabon_Shiga:
Na sa yallaɓai, har yanzu jiya i yau 😭

Hajiya_Root:
Hhh ai dole. Ƙanina a 4.9 ba a karanta .l ɗin nan lokacin gini, akwai wanda aka riga aka dafa, dtc-lexer.lex.c_shipped, shi ake kwafa. Can za ka gyara, sannan ka goge out (foldar da ginin ke fita) gaba ɗaya ko ka yi make mrproper don a sake ginin daga farko. Ni ma sai da abin nan ya cinye min dare guda, ana kiran asalatu na gano.

Tsohon_Bakanike:
Wasu za su ce maka kawai ka ƙara -fcommon don a koma tsohon tsari. Yana aiki, amma a HOSTCFLAGS na babban Makefile, ba KCFLAGS ba, wannan na kanel ne bai shafi dtc ba. Ni dai ban so, rufe ciwo ne da tsumma, su kansu masu Linux goge layin suka yi gaba ɗaya tunda parser ya riga ya ayyana shi.

Sabon_Shiga:
Alhamdulillah ya wuce dtc! Allah ya saka da alheri Hajiya. Sai dai yanzu kuma ya tsaya can gaba wai bai ga python ba, 22.04 ɗin python3 kawai gare shi, bari in sa python2 in gani.