Raba falo da jibsin bod: zan iya da kaina ko in kira mu'allim?

Ɗan Rusaifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa aikin jibsin bod, wato allon jibsin da ake yin bango da silin da shi, da hannunsu. Gidanmu na gado ne a nan Makka, hawa biyu, Hajiyarmu tana sama, amma yanzu gwiwa ba ta barinta hawa bene. Muna so mu yanki falon ƙasa mu fitar mata da ɗaki. Faɗin wurin mita 4 ne, daga balat, wato tayil ɗin ƙasa, zuwa silin mita 3, kuma za a bar ƙofa guda. Mu'allimin, wato ƙwararren ma'aikacin gini, da ya zo ya duba ya faɗi kuɗin da ya sa na ce bari in yi tunani tukuna. Ina da dirail, ina da mizanin duba miƙewar bango, ni nake ɗan gyare-gyaren gida dama. Tambayata: aikin nan mutum ɗaya zai iya? Me zan saya? Sannan Hajiya ba ta son hayaniya, jikoki kuwa a falon suke wuni.

Tsohon Mu'allim, Jidda:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri.

Bango irin wannan za ka iya, ƙanena, matuƙar ka samu mai kama maka allo. Da silin ka ce, da na ce kada ka fara.

Allon da ya fi yawa a kasuwa santimita 120 ne a 240, amma tunda tsayinka mita 3 ne, ka nemi mai 120 a 300, kaurin milimita 12.5, don kada ka samu mahaɗa a tsakiyar bango. Allo 7 za su rufe fuska biyu, ka sayi 8 saboda tsautsayi. Fari na yau da kullum ya ishe ka. Kore na wurin damshi ne, kicin da kusa da bayi. Mu a Jidda muna yawan sa shi saboda raɓar teku, ku Makka iskarku busasshiya ce. Ja kuma na jure wuta ne. Da na Knauf da na Mada da ake yi a Yanbu duk na yi aiki da su, ba su ba ni matsala ba. Ka dai duba gefunan kafin a loda a dabbab, wato ƙaramar motar kaya, masu ɗauko kaya ba sa tausayin kusurwa.

Ka fara da ja layi a ƙasa, ka ɗaga shi zuwa silin da mizani, sannan ka ɗaure ƙarfen kwance na firam ɗin bangon sama da ƙasa da fisha, robar nan da ake cusawa a rami don ta riƙe sukuru, kowane santimita 60. Wajen huda balat ka kashe bugun dirail har sai ka ratsa shi, in ba haka ba zai tsage, kuma ka tabbata babu bututu a ƙarƙashi. Ƙarafan tsaye ka yanke su su gaza tsayin ɗakin da santimita 1, ka jera su tazarar santimita 60 daga tsakiya zuwa tsakiya, ta yadda bakin kowane allo zai sauka a kan ƙarfe. Gefen ƙofa biyu ka cusa katako cikin ƙarfen. Ƙofar da yara za su riƙa bugawa, ƙarfe zalla ba ya riƙe ta.

Yankan allo ba sai da zarto ba. Ka tsaga takardar fuska da reza a kan madaidaicin ƙarfe, ka karya, ka yanke takardar baya. Ka ɗage allon daga ƙasa santimita 1 saboda ruwan gugar balat. Sukuru mai milimita 25, kowane santimita 25 zuwa 30, kansa ya ɗan nutse kaɗan ba tare da ya yaga takarda ba. Wanda ya yaga ba ya riƙe komai, ka sa wani kusa da shi. Kada mahaɗar allo ta faɗo daidai kusurwar ƙofa, nan tsagewa take farawa. Ka yanke allon ya zagaye kusurwar. Mahaɗun fuska ta biyu kuma kada su hau ƙarfe ɗaya da na fuska ta farko.

Duk wannan a yini guda za ka gama. Inda masu koyo suke shan wuya shi ne ma'ajun, ƙullun da ake shafawa don rufe mahaɗar allo. Shafi uku ne: na farko da shi ake binne tef a kan mahaɗa, na biyu ya fi shi faɗi, na uku ya fi na biyu, kowanne siriri, kowanne sai ya bushe sarai, wanda ake sayarwa a bokiti yakan kwana kafin ya bushe. Mai gaggawa yakan lafta shi da kauri sau ɗaya, kamar mai yaɓen laka, ya ce zai goge da sanfefa. Ba ya goguwa. Da rana ba za ka ga komai ba, sai dare ya yi an kunna fitila ka ga tudu tun daga sama har ƙasa. Ka riƙa haska tocila ta gefen bango kana shafawa da tafin hannu kafin ka sa fenti.

Uwar Gida, Madina:

Malam, maganar hayaniya da ka yi ita ta sa na tsoma baki. Maigidana ya raba mana ɗaki haka, aka bar cikin bangon fanko, ko tari aka yi a can sai mu ji a nan. Ka cika tsakiyar da suf sakhri, audugar dutsen nan, kafin ka rufe fuska ta biyu, ka kuma toshe gefuna da silikon. Ranar gugar ma'ajun kuwa a fitar da Hajiya daga gidan gaba ɗaya, a kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a rufe kujeru da leda. Ƙurar fara ce mai laushi, har cikin kwanuka take shiga. Kai ma ka sa takunkumi.

Ɗan Misfala:

Ni dai ban yarda da jibsin ba. Gidanku ne, ba haya ba, me zai hana ku ɗora bulo ku huta? Tsohuwa za ta dafa bango in za ta miƙe, za a rataya mata mukayyif da talabijin. Allon da ƙusa ma ba ya riƙewa?

Tsohon Mu'allim, Jidda:

Alhaji, maganarka tana kan hanya, sai dai bulo yana tafe da yashi da siminti da filasta da jiran bushewa, ga mutane a cikin gida. Batun rataye kaya kuwa tun kafin a rufe ake shirya masa. Duk inda za a sa talabijin ko ƙarfen dafawa, a ɗaure falanki mai kaurin milimita 18 tsakanin ƙarafan tsaye, a ɗauki hotonsa da waya tare da awo, don kada a manta wurin. Agogo da hoto fisha mai fukafukai ta ishe su. Mukayyif kuma a kai shi tsohon bangon siminti.

Ɗan Rusaifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Mu'allim, saura wuta: Hajiya tana son soket kusa da gado da makunnin fitila a bakin ƙofa. Yaushe ake jan wayar?

Tsohon Mu'allim, Jidda:

Bayan ka rufe fuska ɗaya, kafin audugar. Wannan kam ka kira mai aikin wuta, ya zura wayar cikin bututun roba ta ramukan da ke jikin ƙarafan, don bakin ƙarfen yana da kaifi. Ka ce masa akwatin soket na jibsin zai kawo, mai kunnuwa da ke kama allo ta baya, kuma kada ya sa na falo da na ɗakin Hajiya baya da baya, ta nan ƙara take bi.