Gigin tsufa: akwai makoma ga mai son binciken ƙwaƙwalwar tsofaffi?

'Yar Gwale: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gama digirin nazarin halayyar ɗan Adam a Jos, ina hidimar ƙasa nan Kano. Kakata ce ta sa ni wannan tunani. Hajiya sai ta yi azahar sau biyu, ta tura kuɗinta ƙarƙashin katifa ta ce an sace, amma taɓo mata zamanin dalar gyaɗa ka sha labari, har sunayen masu awo. A gida an ce gigin tsufa ne, sai haƙuri. Ni so nake in ƙware kan auna ƙwaƙwalwar irinsu. Ta ina ake farawa? Kuma ana samun na tuwo?

Ɗan Fagge: Ƙanwata, wa zai biya ki don kin auna mantuwar tsohuwa? Nemi aikin koyarwa ki huta.

Maman Ilham: Haba malam, kar ka kashe mata gwiwa. 'Yata, sai kin yi digiri na biyu a fannin naki, ɓangaren kula da marasa lafiya, sannan digirin digirgir in bincike kike so. Ba ke za ki rubuta magani ba. Gwaji ne naki, likitocin ƙwaƙwalwa su ɗora a kan sakamakonki.

Aiki kuwa jibge yake. Gwajin auna ƙwaƙwalwa da aka fi sani, wanda ake kira MMSE, na 1975, maki 30 ne: a ce tsoho ya faɗi kwanan wata, ya riƙa cire bakwai daga ɗari, ya rubuta jimla. Tsohuwar da ba ta yi boko ba, da watan Azumi da na Sallah take lissafi, faɗuwa za ta yi ko da garau take. Masu binciken cutar gigin tsufa na Ibadan da Indiyanafolis ta Amurka, da suka fara a 1992, sun ci karo da wannan, har aka fito da gwajin jera tsinken ashana maimakon zane da biro. Su ne suka gano cutar ta fi ƙaranci a tsofaffin Ibadan a kan baƙaƙen fatar can. Mu ma muna buƙatar mai zama da tsofaffinmu da Hausa.

Baban Khalifa: Kafin digirin, ku kai Hajiya Asibitin Malam Aminu Kano a duba hawan jini da suga, a yi mata gwajin jini. Ƙarancin bitamin B12 ma yana kawo ruɗewa, kuma yana jin magani. Ki raka ta da kanki, ki rubuto abubuwan da take mantawa.