Sojan da ya dawo daga daji: raki ne ko ciwo?

Ɗan Bariki: Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. 'Yan mazan jiya sun yi yaƙin basasa wata talatin, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, suka dawo suka riƙe gidajensu. Na yau wasu sun dawo daga Sambisa sun ƙaurace wa shimfiɗar iyali, ba sa iya zama da 'ya'yansu. Raki ya yi yawa.

Ma'aikaciyar Jinya: Malam, janye kalmar raki. Mai raki ƙaramin ciwo yake kururutawa, waɗannan kuwa ɓoyewa suke. Alamomin ciwon firgicin yaƙi sanannu ne: mafarkin firgita, zabura in an buga ƙofa, ƙin ba wa ƙofa baya, fushi ba dalili, mutuwar sha'awa. In sun wuce wata guda, a je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kware ko Maiduguri. Uwargida kada ta tashe shi da taɓawa, ta kira sunansa daga nesa. Magani kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsa, wani ma yana rage sha'awa. A gaya wa likita, kada a yanke shi dare ɗaya.

Ɗan Bariki: Hajiya, ke nan duk sojojinmu mahaukata ne?

Ma'aikaciyar Jinya: Wa ya ambaci hauka?

Malamin Zaure: Raki a Hausa rashin juriya ne, ba zagi ba. Amma haƙƙin mace yana nan: ko wanda ya rantse zai ƙaurace wa matarsa, wata huɗu aka ɗibar masa, Baƙara aya ta 226.

Uwar Gida: Allah gafarta Malam, shi sojan nan rantsuwa ya yi? Kuma riƙon gidan da ake yabo, a tambayi matan: gida tsit, yara su watse da jin takun uba. Ɗan da ya tashi haka bai san yadda ake hira da nasa ɗan ba.

Ɗan Bariki: Kwarjini ke nan. Kada ki ci mutuncin iyayenmu.

Malamin Zaure: Kwarjini daban, tsoro daban.

Mai Kula da Zaure: A taƙaice, an yarda mazan jiya sun fi juriya, sai dai Hajiya tana ganin a riƙa zuwa asibiti.

Uwar Gida: Yallaɓai, wa ya yarda?